Jirgin Kara Mai Tashi

Da wuya a sami yaron da ya girma a ƙasar Kura ko Bunkure wanda bai taɓa yin motar kara ba. Da an yanke dawa, kara ya bushe, sai ka ga yara zaune gindin danga, ko wanne da guntun reza, suna fere kara suna sossoke shi da ɓawonsa. Wannan ya yi a-kori-kura, wancan ya yi tarakta, wani kuma ya yi tabarau ya maƙala a hanci. Gwanayen cikinsu har jirgin sama su kan yi, da ƙafafunsa da tagoginsa da tsanin hawa. In ka gan shi sai ka yi sha'awa. Amma ɗauke shi ka jefa sama ka gani. Zai faɗo tim kamar hoge, ya wargaje.

Dalili kuwa shi ne, yaron ya kwaikwayi kamannin jirgi, bai kwaikwayi aikinsa ba. Iska ba ruwanta da taga ko tsani. Abin da ta ke so shi ne abu maras nauyi, mai fiffike da aka karkata daidai, wanda nauyin gabansa da na bayansa suka daidaita. A wannan darasi za mu yi jirgin da ba shi da kyan gani kamar wancan, amma in ka sake shi zai tafi a kan iska kamar shirwa, ba inji, ba farfela. Sai dai fa aikin na mai awo ne. Wanda ya ƙi rula ya ce idonsa ya ishe shi, ya ɓata karansa a banza.

Itacen da Turawa su ke yi da shi

A ƙasashen Turai da Amurka, masu yin ƙananan jirage da wani itace su ke yi, sunansa balsa. A ƙasashe masu ruwa da zafi na Amurka ta Kudu da ta Tsakiya ya ke fitowa, kuma mafi yawan wanda a ke sayarwa cikin duniya daga ƙasar Ekwado ya ke. Ma'anar sunan da harshen Sifaniya ita ce gadon fito, domin mutanen can su kan ɗaure gumagumansa su hau su ƙetare ruwa. A shekarar 1947 waɗansu Turawa 6 suka ɗaure irin wannan gado, suka tashi daga ƙasar Feru, suka yi kwana 101 bisa teku kafin su iske tsibiri.

Abin mamaki, wannan itace ɗan'uwan riminmu ne da kuka da gurjiya. Masana itatuwa gida ɗaya suka sa su. Shi ma ya kan fid da abu kamar audugar rimi. Saurin girma gare shi ƙwarai, bai cika wuce shekara 10 ba a ke sare shi. Sabo da gaggawar girman nan ne cikinsa ya zama duk 'yan ƙananan ramuka, cike da ruwa. In an busar da shi ruwan ya fita, iska ta maye gurbinsa. Ku auna wannan: akwati mai ƙafa ɗaya tsawo, ƙafa ɗaya faɗi, ƙafa ɗaya zurfi, in an cika shi da ruwa, ruwan ya kai kilo 28. Gungumen maɗaci mai wannan girma ya haura kilo 20. Amma na balsa bai fi kilo 4 ko 5 ba.

Kada ku zaci itacen wasan yara ne kaɗai. A Yaƙin Duniya na Biyu Ingilishi sun yi wani jirgin yaƙi da suka kira Mosquito, watau Sauro, wanda ya fara tashi a shekarar 1940. Jikinsa balsa ne aka manne tsakanin siraran faifayen katako biyu, ga shi kuwa yana gudun kusan mil 400 cikin awa ɗaya. An yi fiye da 7,700. Yanzu ma a kan sa balsa cikin manyan farfelun nan da iska ke juyawa su ba da wutar lantarki.

To, da wuya ka sami balsa a kasuwanninmu, in ka samu kuwa da tsada. Amma Allah bai bar mu haka ba. Ɗauki karan dawa busasshe ka ɓare ɓawonsa. Farin nan mai taushi da ke ciki shi ma ramuka ne cike da iska, ba ya da nauyi, reza na yanka shi kamar sabulu. Ɓawon kuwa yana da ƙarfi, ya kan lanƙwasa ya komo. Ka ga ke nan kara shi ma taushi ne a tsakiya, ƙarfi a waje, irin dabarar da Ingilishi suka yi wa Sauro. Akwai kuma karan rama wanda aka ɓare, fari tas, maras nauyi, sai dai saurin karyewa gare shi. Wanda ya sami guntun tukurwa daga tsohon gado, cikinta ya fi su duka kama da balsa.

Sai dai akwai wata magana. Tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a shekarar 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, ruwa ya biyo kanal ya iso Kadawa da Kura da Bunkure da Garun Malam, gonaki da yawa sun koma na shinkafa da alkama da tumatir da albasa. Karan dawa kuwa yana da masu shi: da shi a ke danga, da shi a ke girki, dabbobi kuma na ci. Sabo da haka kada ka je ka zare daga dangar mutane ko daga tarin wani. Ka roƙa. Kara 4 ko 5 sun ishe ka, ba mai hana ka su. Karan shinkafa da na alkama ba su yin wannan aiki, na masara kuwa ɓawonsa bai kai na dawa kyau ba.

Abin da ke riƙe jirgi a sama

Kafin mu taɓa reza, sai mu san abin da mu ke nema. Ari faifai wurin mahaifiyarka. Riƙe shi a kwance sosai, ka kaɗa hannunka da sauri daga dama zuwa hagu. Zai yanka iska ya wuce, ba ka jin kome. Yanzu ɗan ɗaga bakinsa na gaba kaɗan, ka sake kaɗawa. Za ka ji yana neman ɗaga hannunka sama. Faifan ya tura iska ƙasa, ita kuwa ta tura shi sama. Aikin fiffike ke nan duka, ko na tsuntsu ko na jirgin da ke kai alhazai Jidda. Fiffike yana tafiya gaba, yana karkata iska zuwa ƙasa, ita kuma tana ɗauke da shi. In ya daina tafiya gaba, ɗaukar ta ƙare.

Yanzu ƙara ɗaga bakin faifan ƙwarai, ka kaɗa. Sai ka ji ya yi nauyi, yana ja da baya, ɗagawar kuma ta lalace. Mutanen ƙasar noman rani sun fi kowa saurin gane wannan, domin kullum suna ganinsa a ruwa. Sa ɗan allo cikin ruwan kanal ƙarami, ka karkata shi kaɗan: ruwa zai bi bayansa sumul. Karkata shi da yawa: ruwa zai rabu da bayan allon, ya riƙa juyawa yana murɗewa. Haka iska ta ke yi. Ita ma tana gudana kamar ruwa, ganinta ne kawai ba mu yi. Shi ya sa a ke yi wa bayan fiffike ɗan doro, don iska ta sami abin bi a hankali, kada ta rabu da shi.

Fiffike shi kaɗai ba ya tafiya sosai, sai ya yi ta wuntsilawa. Wutsiya ce ke tsai da shi. An ba da labarin wani masani a birnin Ƙurɗuba ta ƙasar Andalus, sunansa Abbas ɗan Firnas, wanda ya rasu a shekarar 887. Malam al-Maƙƙari, wanda ya zo bayansa da ƙarni bakwai, ya rubuta cewa ya yi wa kansa fikafikai, ya tashi daga wuri mai tsawo, ya yi 'yar tafiya a sama, amma wajen sauka ya ji ciwo a baya, domin bai yi wa kansa wutsiya ba. Ku dubi shirwa in tana shawagi bisa mahauta. Ba ta kaɗa fiffike, amma wutsiyarta ba ta hutawa, tana karkata ta nan, tana karkata ta can.

Ku dubi tantabara kuma in ta daina kaɗa fiffike za ta sauka. Ta kan ɗaga bakin fikafikanta sama, tsakiyarta na ƙasa. Mu ma haka za mu yi wa namu. Amfaninsa shi ne, in jirgi ya karkata ya fara zamewa gefe ɗaya, fiffiken da ke ƙasa ya kan tari iska fiye da na sama, sai ya ɗago, jirgin ya miƙe da kansa.

Kayan aiki

Ka nemi sillen kara guda, miƙaƙƙe, siriri, da waɗansu gaɓoɓi masu kauri waɗanda tsawonsu ya kai inci 8. Wanda tsutsa ta huda, ko cikinsa ya yi ja, ka yar. Sai reza sabuwa, da rula, da fensir, da zare, da siririyar roba irin ta ɗaure kuɗi, da kwalin ashana biyu, da allo mai shimfiɗaɗɗen baya. Takarda kuwa sai marar nauyi, irin wadda a ke naɗe sabon takalmi da ita. In babu, jarida ta yi, amma ta littafin makaranta ta cika nauyi. Abin liƙi, ƙaro ya isa, irin wanda malamai ke sa wa tawada. Jiƙa shi da ruwa kaɗan tun da dare, da safe ka tace. Farin gam na kafinta ya fi shi riƙe kara, in akwai kafinta a unguwa da zai ɗiba maka.

Reza baki biyu gare ta. Naɗe baki ɗaya da tsumma ko takarda mai kauri. Kullum ka yanka a bisa allo, bakin reza na tafiya nesa da yatsanka. Kada ka karɓi tsohuwar reza da wani ya yi aski ko ya yanke farce da ita, gama ta wannan hanya a kan ɗauki ciwon hanta da waɗansu cututtuka na jini. Ɓawon kara shi ma kaifi gare shi, kowa ya sani, ya kan tsaga yatsa ba ka ji ba sai ka ga jini.

Fiffike

Nan ne aikin ya ke, nan kuma za ka daɗe. Tsawon fiffike duka inci 16, faɗinsa inci 3. Amma rabi rabi za mu yi shi, ko wane rabi inci 8, domin gaɓar kara ba ta cika wuce haka da yawa ba. Zana rabin nan a takarda da rula, inci 8 da inci 3, ka ja layi a gicciye bayan ko wane inci 2. Za ka sami layi 5 har da na baki da baki. Shimfiɗa takardar bisa allo, ka rufe ta da farar leda don kada aikinka ya manne da zanen.

A kan ko wane layi haƙarƙari ɗaya zai zauna. Daga farin cikin kara za ka yanka su. Tsawon ko wanne inci 3, kaurinsa ya ɗan fi tsinken ashana. Ƙasansa a miƙe, bisansa da doro. Tsawon doron kwatan inci, kuma ba a tsakiya ya ke ba, inci 1 ne daga gaba. Daga nan ya gangara a hankali har ya sirance a baya. Kada ka yanka ko wanne da ka. Yanka ɗaya a kwali, ka gyara shi har ya yi kyau, sa'an nan ka riƙa ɗora shi kana zagawa. Guda 10 ka ke so, amma yanka 14, gama waɗansu za su karye. In ka gama, jera su tare ka duba. Wanda ya fi 'yan'uwansa, goge shi da samfefa ko da dutse mai laushi.

Sa'an nan tsaga ɓawon kara siri siri, faɗin ko wanne kamar na tsinken ashana biyu, tsawonsa inci 8. Uku a ko wane rabi: ɗaya a gaba, ɗaya a baya, ɗaya a ƙarƙashin doro. Ɗan tsaga bakin ko wane haƙarƙari, ka cusa ɓawon, ka ɗiga abin liƙi. Ɗigo ɗaya, ba biyu ba. Yara su kan zaci yawan gam shi ne ƙarfi, alhali kuwa nauyi ne kawai. Danne da 'yan duwatsu don kome ya kwanta a allo, ka bar shi ya kwana.

In ka zo yin rabi na biyu, ka tuna ɗaya na dama ne ɗaya na hagu. Na taɓa ganin yaro ya yanke bakin fikafikansa ya kewaya su don ado, ya yini yana aiki, da ya zo haɗawa sai ya ga duka biyu na dama ya yi. Bar bakinsu a miƙe, ka huta.

Wajen haɗawa, sa gindin rabin biyu su haɗu bisa allo. Tokare bakin ko wanne da kwalin ashana wanda aka tsayar a kan gefensa, gama faɗin kwalin ya kusa inci ɗaya da rabi, shi ne kuwa tashin da mu ke so. Goge haƙarƙarin tsakiya kaɗan har su zauna da juna ba rata, ka liƙa. Lanƙwasa guntun ɓawo biyu ka gitta su bisa mahaɗar, gaba da baya, ka ɗaure da zare. In ya bushe, sai rufi. Yanka takarda ta ɗan fi ko wane rabi, shafa ƙaro a kan ƙasusuwan kaɗai, ɗora takardar daga bisa, ka ja ta a hankali har ta miƙe, ka naɗe bakinta ƙarƙashi. Bisa kaɗai za ka rufe a jirginka na fari. Kada ka ja da ƙarfi. Da hunturu takarda ta kan ƙara tsukewa da kanta, in ta tsuke da yawa kuwa sai ta murɗe fiffiken.

Wanda ya sami balsa aikinsa ya fi sauƙi. A kan sayar da shi falle falle, faɗin inci 3, tsawon inci 36, watau falle ɗaya ya yi fiffiken jirgi biyu har da saura. Ya zaɓi mai kaurin kashi ɗaya cikin 16 na inci, ya yanka inci 16, jijiyar itacen ta bi tsawon fiffike, ba faɗinsa ba. Ya goge gaba ya kewaya, ya goge baya ya sirance, ya raba shi biyu a tsakiya, ya tokare da kwalin ashana kamar yadda muka faɗa. Ba ya bukatar haƙarƙari ko takarda. Sauran awo duka ɗaya ne.

Jiki da wutsiya

Yanka sillen kara inci 15. Wajen kaurinsa shi ne hanci. Mirgina shi bisa allo. In yana tsalle, ba miƙaƙƙe ba ne, nemi wani.

Wutsiya biyu ce. Ta kwance, inci 6 da inci 2. Ta tsaye, inci 2 da inci 2. Ba su da doro. Da siririn ɓawo za ka yi kewayensu, ka rufe da takarda gefe ɗaya. Liƙa ta kwance a ƙarshen sillen, ta bi shi sosai, kada gabanta ya ɗaga ko ya sunkuya. Ta tsaye ta hau bisanta a tsakiya, ta dubi hanci sak.

Ka yi rowar gam a nan fiye da ko'ina, ga dalili. Wurin da jirgin zai daidaita yana inci 5 daga hanci, tsakiyar wutsiya kuwa tana inci 9 bayan wannan wuri. Ɗan ga-ruwa ya san wannan lissafi: in garwa ɗaya ta yi nisa da kafaɗarsa, sai ta rinjayi ta kusa ko da ruwansu ɗaya. Sabo da haka duk nauyin da ka ƙara a wutsiya, sai ka biya kusan biyunsa a hanci.

Saura mazaunin fiffike. Auna inci 4 daga hanci ka yi alama. Daga nan zuwa baya liƙa guntun farin kara mai tsawon inci 3, kaurinsa a gaba kwatan inci, a baya rabin haka. Wannan ɗan bambanci shi ne ɗaga bakin faifai da muka yi ɗazu. Ƙanƙane ne ƙwarai, amma in babu shi jirgin ƙasa zai nufa. Kada ka liƙa fiffiken a jiki. Ɗora shi bisa mazauninsa ka ɗaure da roba, ta zaga ƙarƙashin sillen gaba da baya. Hikimar wannan biyu ce: kana iya matsar da shi wajen gyara, in kuma jirgin ya bugi abu, fiffiken ya goce maimakon ya karye.

Daidaitawa

Yi alama a ƙarƙashin fiffike, dama da hagu, inci 1 daga bakin gaba, watau daidai ƙarƙashin doro. Ɗora jirgin bisa kan yatsunka biyu a wuraren nan. Wutsiya za ta faɗi ƙasa. Kada ka damu, ko wane sabon jirgi haka ya ke yi. Sai ka ƙara nauyi a hanci kaɗan kaɗan, har jikin ya kwanta sosai, hancin ya ɗan sunkuya ƙiris. Kakin zuma ya fi kome kyau, gama yana mannewa, ana kuwa iya tsinka a rage. Guntun sabulu da aka ɗaure da zare ya yi. Yumɓu bai yi ba, domin in ya bushe nauyinsa ya ragu, jirgin da ka daidaita da safe ya rikice da azahar. Kada ka sa ƙusa a hanci, akwai idon ƙannenka.

In ka gama, ɗora jirgin a tafin hannu ɗaya, kwalin ashana biyu cikakku a ɗayan. In jirgin ya fi su nauyi da yawa, zai tashi, amma da gudu zai tafi, ya sauka da wuri.

Ranar gwaji

Kada ka fita da tsakar rana iskar hunturu na busawa. Sassafe ya fi, ko bayan la'asar in iska ta kwanta. Amma a lura da raɓa, gama kusa da gonakin ban ruwa ciyawa ta kan jiƙe da safe, takarda kuwa in ta sha laima sai ta saki. Filin makaranta ya yi, ko gonar shinkafa da aka girbe ta bushe. Kada ka gwada kusa da alkama ko tumatir na mutane, domin jirgi ba ya san iyakar gona ba, mai gona kuwa ba zai karɓi wannan hanzari ba.

Babban abu kuma, ka yi nesa da babbar kanal. Mai bin jirgi sama ya ke duba, ba ya duban ƙafarsa. Ruwan nan ya fi yadda a ke ganinsa gudu da zurfi, inda aka shafe gefensa da siminti kuwa akwai gansakuka mai santsi, wanda ya faɗa ba ya samun abin kamawa. In jirginka ya faɗa ruwa, bar shi ya tafi. Kara ne da takarda, gobe ka yi wani.

Fuskanci inda iska ke fitowa. Riƙe jirgin ƙarƙashin fiffike, daidai kafaɗarka, hancinsa ya ɗan dubi ƙasa, kamar kana nufin wani wuri taki goma gabanka. Tura shi a hankali ka sake. Ba jifa ba ne. Kusan kowa a karo na fari ya kan wurga shi sama da ƙarfi kamar mai korar tsuntsu a gonar shinkafa, sa'an nan ya ce jirgin ne ba shi da kyau.

Yanzu ka zuba ido, gama jirgin da kansa zai gaya maka ciwonsa. In ya ɗaga hanci sama, ya tsaya, ya faɗo, ya sake ɗagawa, yana tafiya kamar raƙumi, to hancinsa ya yi sauƙi. Iska ce ke rabuwa da bayan fiffiken kamar ruwan nan a bayan allo. Ƙara kaki, ko ka matsar da fiffike baya kaɗan. In kuwa ya sunkuya ya nufi ƙasa da gudu, hancin ya yi nauyi, rage kaki. In ka rage bai daina ba, cusa guntun takarda da aka ninka ƙarƙashin gaban fiffiken. In yana karkata gefe ɗaya kullum, riƙe shi nesa da fuskarka, rufe ido ɗaya, ka dube shi daga hanci. Za ka ga ko wutsiyar tsaye ta kauce, ko fiffike ɗaya ya murɗe. Kara wurin a kan tururin ruwan zafi kaɗan, ka murɗa shi baya, ka riƙe har ya huce. In ya tafi sumul ya sauka ƙafa 20 ko fiye daga inda ka tsaya, aikinka ya yi kyau.

Doka ɗaya ce a nan, ita ce kuwa ta fi wuyar bi: abu ɗaya za ka gyara, sa'an nan ka gwada. In ka ƙara kaki, ka matsar da fiffike, ka lanƙwasa wutsiya duk a lokaci ɗaya, ko jirgin ya gyaru ba ka san abin da ya gyara shi ba. Tun da yake yanzu ka iya rubutu, nemi ɗan littafi. Rubuta abin da ka canja, da yawan takin da jirgin ya yi, sau uku ko wane gyara.

Kada wani ya ce maka wannan aikin yara ne. Wani Bature a Ingila, George Cayley, ya yi ƙaramin jirgi irin wannan a shekarar 1804, da fiffike da wutsiya da nauyi a hanci wanda a ke matsarwa. A shekarar 1871 wani saurayi Bafaranshe, Alphonse Pénaud, ya sa wa nasa farfela da murɗaɗɗiyar roba, ya tafi wajen ƙafa 130 cikin daƙiƙa 11 a gaban jama'a a birnin Faris. A 1878 wani uba a Amurka ya kawo wa 'ya'yansa biyu, Wilbur da Orville Wright, abin wasa mai tashi da roba, wanda aka yi bisa dabarar Pénaud. Da suka girma sana'ar keke suka yi. A 1901, da lissafin da suka samu a littattafai ya ƙi yi musu daidai, sai suka yi akwati mai hura iska, suka gwada 'yan ƙananan fikafikai wajen 200, suna rubuta abin da ko wanne ya yi. Ranar 17 ga Disamba 1903 jirginsu ya tashi da mutum, ƙafa 120 cikin daƙiƙa 12.

Shekara 22 bayan haka, ranar 1 ga Nuwamba 1925, zamanin Sarkin Kano Usman, jirage 3 na sojan Ingila suka taso daga Masar, suka biyo ta Hartum, suka sauka a filin wasan dawaki na Kano. Su ne na fari da suka sauka a birnin. Fikafikansu ƙasusuwan katako ne aka rufe da yadi, da haƙarƙari a jere, ba su da bambanci da naka sai girma. Hanyar nan kuwa da ta ratsa Kura, in ka bi ta kudu za ta kai ka Zariya, inda aka kafa makarantar koyon tuƙin jirgin sama da gyaransa a shekarar 1964.

In ka gama wasa, kwance robar, ka cire fiffiken, gama roba in ta daɗe a ɗaure ta kan nutse cikin farin kara. Kada ka jingina shi a bango, zai lanƙwashe, gara kuma ba ta raina kara. Rataye shi da zare a inuwa, nesa da hayaƙin madafa, inda ɓera ba ya kaiwa, domin ɓera na son ƙaro. In takarda ta yage, liƙa 'yar ƙarama a wurin, ka liƙa irinta a ɗaya fiffiken don kada nauyi ya rinjaya, sa'an nan ka sake ɗora shi bisa yatsunka biyu kafin ka fita. Wanda littafinsa ya nuna jirginsa ya yi ƙafa 20 sau uku a jere, ya adana siraran robobi guda 6 da guntun waya irin ta sifok ɗin keke, domin a darasi na gaba za mu feƙe farfela.